Zabo, kazar gida ko ta Turawa: wanne za ka kiwata don nama a Damagaram?

Duk shekara in azumi ya matso sai wani ya tare ni: "Malam, wace kaza zan zuba a bayan gida don Sallah?" Amsata ba ta canjawa. Kafin ka tambayi kuɗin tsako, tambayi kanka jarka nawa ta ruwa ke shiga gidanka a rana, kuma ina inuwa take da azahar. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, famfo kuwa kowa ya san halinsa, daga unguwar Birni har Garin Malam.

Farar kazar Turawa, wadda 'yan kasuwa ke kira burola, ita ce mai ruɗin ido. Sati shida zuwa bakwai ta kai kilo biyu, in ta ci wajen kilo huɗu na abincin kamfani, ta samu rigakafin Gumboro da na annobar kaji. Amma jikinta ba na bazara ba ne. Na taɓa zuba hamsin ƙarƙashin rumfar kwano, suna sati biyar mai garuwa ya ƙi zuwa rana ɗaya tak. Tsakanin azahar da la'asar na kwashe goma sha ɗaya, baki buɗe, fukafukai a saki. In dole sai ita, bari sai hunturu, ka tanadi gawayin ɗumama su.

Noila, wata irin kaza da ake kawowa daga Najeriya, ta fi ta juriya, tana kiwo a tsakar gida, wata uku zuwa huɗu a yanka. Matsalarta samun ta gaskiya. Kazar gida romonta ba a magana, sai dai girma a hankali, kuma annobar sanyi kan share akurki cikin sati. Agwagwa a garin da ake sayen ruwa? A bar zancen. Talotalo na mai haƙuri ne da aljihu.

Ni zabo na riƙe, ba na ɓoyewa. Tsuntsun ƙasar nan ne, rana ba ta dame shi ba, ruwan da burola goma za su shanye zai ishi garke. Da safe ka watsa masa hatsi ko dawa da ɗan dusa, sauran ya nemo da kansa: fara, ƙwari, tsabar ciyawa. Wata biyar zuwa shida ya wuce kilo ɗaya. Ba girman burola ba ne, na yarda, amma tsoka ce zalla mai ƙamshi, ba ta narkewa a tukunya, kuma soyayyen zabo yana jure ajiya ko ba firigo. A kasuwa ma kuɗinsa ya fi na kaza.

Wahalarsa tana farko. Zabuwa da damina take zuba ƙwai, kuma ba uwar kirki ba ce, shi ya sa ake sa wa kazar gida ƙwai goma sha biyu zuwa sha biyar ta kwanta. Ƙwan kaza kwana 21 yake ƙyanƙyashewa, na zabo sai 26 zuwa 28, don haka kada ka haɗa su rana ɗaya. In sun ƙyanƙyashe, raɓa da sanyin ƙasa ne ajalinsu. Ina tsare su wata guda a ɗaki mai bushewa, in zuba tsakuwa cikin kaskon ruwa don kada su nutse. Abincin da ya fi tashe su gara ce: a cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta bakin shuri da yamma, da asuba a ɗauko. Maganin tsutsar ciki kada ya wuce ka, rigakafi ma haka. Sai kuka, wannan kam ba magani. Ka fige gashin fiffike ɗaya don kada ya tashi, ka riƙa aika wa maƙwabta ƙwai don su yi haƙuri da kukan.

Yanzu ga inda ake cin mutane. Ƙwan da aka jera a faranti cikin rana a tasha na ci ne, ba na ƙyanƙyasa ba. Wani ya kwana ashirin, wani ma an haɗa da dafaffe. Ni an taɓa yi mini: talatin na saya, kaji biyu suka yi wata a kai, huɗu suka fito. Sayi wurin mai garken da ka ga namiji a ciki, ƙwan da bai wuce sati ba. Kwana goma da sa wa kaza, haska shi da tocila cikin duhu. In ba ka ga jijiyoyi ba, fitar da shi.

'Yan tsakin kwali da ake shigowa da su ta Kano su ma a yi hattara. Tsakon kwana ɗaya duk kama ɗaya gare shi a idon baƙo, sai a ba ka zakarun kajin ƙwai a ce Noila ce ko burola. Wata biyu kana ciyarwa, sai ƙafa da tsawo. Rigakafin da aka ɗauko daga kan tebur ba cikin ƙanƙara ba, ruwa ka saya.

In babba za ka saya ranar Alhamis ko a kasuwar Dole, kada nauyin hannu ya ruɗe ka, akwai masu ɗura wa tsuntsu jiƙaƙƙiyar dusa kafin a fito. Taɓa ƙashin ƙirji: in ya fito kamar wuƙa, rama ce. Ɗaga wutsiya, in ka ga koren zawo ko fari ya manne, ajiye. Arahar kaza a hunturu mai ita ya ga abin da ba ka gani ba. Mutanen Magariya ba su manta murar tsuntsaye ta 2006 ba. Duk abin da ka sayo, ware shi sati biyu kafin ya shiga cikin naka, wadda ta mutu da kanta kuma a binne ta da zurfi, kada a jefa wa karnuka a bola.