Sharhi kan sashen haƙori da baki da ya duba gyambon ganɗata

Wanda duk ya tambaye ni inda zai kai ciwon baki, zan tura shi sashen haƙori da baki na asibitin koyarwar da na je, saboda likitar da ta duba ni ba ta da gaggawar yanka.

Bayan an cire mini haƙorin sama, inda aka yi mini allurar kashe zafi a ganɗa ya kumbura, daga baya ya fashe ya zama gyambo mai zurfi, bakinsa a ɗage, tsakiyarsa toka-toka. Ba ya wani zafi sosai, wannan ma ya ƙara tayar mini da hankali. Wani likita a waje yana leƙawa ya ambaci sankara.

Likitar asibitin koyarwar kuwa ta ce ido ba ya yanke wannan hukunci. Ta yi wa wurin allurar kashe zafi, ta ɗebi ɗan nama daga gefen gyambon ta aika ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito ta zaunar da ni, har da zane a takarda. Ta ce: "Malam, ba sankara ba ce. Akwai ƙananan halittu masu samar da yawu a ganɗa, jini ne ya yanke musu suka mutu." A cewarta, allura kan jawo haka, haƙoran roba da ba su zauna daidai ba ma, da shan taba. Sai a 1973 likitoci a Amurka suka fara bayyana ciwon, kuma ko a madubin gwaji kama yake da sankara, har an taɓa yi wa mutane babbar tiyata a kansa ba gaira ba dalili. Shi ya sa ta nemi masanin gwaji na biyu ya sake dubawa. Wannan taka-tsantsan ne ya fi burge ni.

Magani kuwa ba wani abu ba ne: kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, abinci mai laushi, a guji yaji. Ta ce yakan warke da kansa cikin mako 4 zuwa 10, haka kuma aka yi, nama ya cike ramin.

Ƙorafina a kan jiran sakamako ne. Ya ja ƙwarai, ba kuma wanda ya kira ni ko ya faɗa mini ranar dawowa, ga mutum yana kwana da fargabar sankara. Ya kamata su riƙa karɓar lambar waya suna sanar da mutane.