Man kifi don gashi: ƙwaya za ki saya, ko kifin kansa?

A kemis-kemis na Birnin Kebbi da Jega da Yawuri, da kuma wurin masu tallar kayan gyaran jiki a WhatsApp, ƙwayar man kifi ta zama abin da ake fara miƙa wa duk macen da ta yi kukan gashinta na zuba. Ana cewa tana cika gashi, tana ƙara masa tsawo, tana hana shi karyewa. Kwalba ɗaya kuwa ba ta isa, domin mai sayarwar da bakinsa zai ce sai kin yi wata uku zuwa shida kina sha. Kuɗi ne masu kauri, don haka gara a san abin da ake saye.

Abin da ake nema a man kifi wani nau'in maiƙo ne mai suna omega-3, musamman iri biyu, EPA da DHA. Jiki na buƙatarsu, wannan babu gardama. Amma in aka zo kan gashi, hujjar ba ta taka kara ta karya ba. Binciken da 'yan talla suka fi jingina da shi an wallafa shi a 2015. An yi shi a kan mata 120 na tsawon wata 6, kuma waɗanda suka sha ƙwayar gashinsu ya ƙara cika, zubar ta ragu. Sai dai abin da aka ba su ba man kifi zalla ba ne. Haɗi ne da omega-6 da bitamin C da E da wani sinadari da ake samu a tumatir, to wa zai rantse cewa man kifin ne ya yi aikin? Ga shi kuma cikin masu binciken akwai ma'aikatan kamfanin da ke yin ƙwayar. Ɗayan binciken da ake yawan ambata na 2018 ne daga Koriya ta Kudu, kuma a kan ɓeraye aka gwada, shafa musu man aka yi a fata, ba sha suka yi ba.

Saboda haka tambayar farko ita ce me ya sa gashin yake zuba. Lafiyayyen mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum, gashi kuma yana tsirowa kimanin santimita 1 a wata. Matar da ta haihu takan ga gashi cike da matajinta wajen wata uku ko huɗu bayan haihuwa, wannan sauyin sinadaran jiki ne, kuma galibi kafin yaro ya shekara gashin ya dawo da kansa. Haka ma wanda ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko taifot, zubar kan biyo baya da wata biyu ko uku. A nan ne ƙwayar ke cin yabon da ba nata ba: mai jego ta fara sha lokacin da zubar ta kai ƙarshenta, gashi ya dawo kamar yadda dama zai dawo, sai ta shiga gaya wa ƙawaye ta samo magani.

Akwai kuma ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a tsakanin matanmu, musamman masu haihuwa kusa da kusa da masu zubar jini sosai lokacin al'ada. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana tafiya da zubar gashi, man kifi kuwa ba ya ɗauke da wannan sinadari. Ciwon maƙoƙo shi ma yana zubar da gashi. Gwajin jini a Asibitin Sir Yahaya ko babban asibitin garinku zai nuna waɗannan, kuma a ganina nan ya fi dacewa kuɗin farko su tafi. In gaban goshi ne ya cinye, a duba kitso. Shuku da aka ja har gira ta ɗaga, ƙananan kalaba, ƙarin gashi mai nauyi, ɗaure kai tamau kullum, su ne ke tuge saiwar gashi, kuma in aka daɗe a haka wurin yakan mutu gaba ɗaya. Maganinsa yana hannun mai kitso. Karyewa daga tsakiya kuma yawanci aikin man miƙar da gashi ne da bushewar hunturu, abin da man kaɗe da sassauta taja suka fi taimakawa. Yaro mai makero a kai maganin sha na asibiti yake buƙata.

To, a ce an duba duk wannan, kina dai son ƙara omega-3 a jikinki. Zaɓin farko kifin kansa ne, kuma nan akwai abin da zai ba mutumin Kabi mamaki. Muna alfahari da giwan ruwan da ake fitarwa daga Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro tun 1934, ga tarwaɗa da karfasa da Sarkawa ke kawowa kasuwar Yawuri. Kifi ne mai kyau, mai gina jiki, kuma gashi kansa da sinadarin gina jiki aka yi shi. Amma ta fuskar omega-3, kifin kogi bai kamo ƙafar kifin teku mai maiƙo ba. Titus ɗin nan na ƙanƙara da wasu ke rainawa, da kifin shawa, da sadin na gwangwani, su ne masu shi da yawa. Giram 100 na titus yana ba da fiye da miligiram 1,000 na EPA da DHA. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 250 a rana ya wadatar da baligi, shawarar da aka saba bayarwa kuma ita ce cin kifi sau biyu a mako. Wadda ke yin haka ba ta da wata buƙatar ƙwaya. Ni da za a bi tawa, titus a miya sau biyu a mako, sauran ranaku namu na kogi, da wake da zogale da hanta lokaci-lokaci saboda jini.

Zaɓi na biyu ƙwayar man kifi ta gama-gari, ga wadda ba ta cin kifi ko ƙarninsa ke tayar mata da zuciya. Kada babban rubutun gaban kwalba ya ruɗe ki. Za ki ga an rubuta 1000mg, amma wannan nauyin man ne duka. Juya baya: da yawansu EPA 180 ne, DHA 120, jimilla 300. Wasu masu tsada suna da 600 ko sama da haka a ƙwaya ɗaya. Ki haɗa lambar EPA da ta DHA, ki ninka da yawan ƙwayoyin, sannan ki kwatanta farashi. Sau da yawa mai arhar ce ke fitowa da tsada. Wadda aka rubuta wa omega 3-6-9 kuwa ki wuce ta, domin 6 da 9 suna nan jingim a man gyaɗa da riɗin da ke kicin ɗinki.

Na uku shi ne man hantar kifi, wanda iyaye suka daɗe suna ɗura wa yara da cokali. Mutane na ɗaukarsa ɗaya da man kifi, alhali yana ɗauke da bitamin A da D. Bitamin A in ya yi yawa a jiki shi kansa yana zubar da gashi, kuma yana iya cutar da ɗan tayi, shi ya sa ake hana mai ciki shan sa. Akwai kuma omega-3 da ake tatsowa daga gansakukar teku, ba ya ƙarni sosai, amma ya fi tsada kuma samunsa a nan sai an sha yawo.

Ko wacce kika zaɓa, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, sannan ki dubi inda aka ajiye ta. Man kifi yana lalacewa da zafi da haske, mu kuwa a Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40. Kwalbar da ta yi watanni a shagon kwano, ko a tiren mai talla a tasha, ko a tagar da rana ke duka, na iya lalacewa tun kwananta bai ƙare ba. In kin kai gida ki huda ƙwaya ɗaya ki shinshina. Ɗan ƙarni ba komai, amma in ta yi wari irin na ruɓaɓɓen kifi, ko ƙwayoyin sun narke sun manne da juna, ki mayar. Ɓawon ƙwayar kuma da jelatin ake yinsa, wanda kan fito daga saniya ko kifi ko alade, saboda haka a nemi wadda aka bayyana tushensa ko mai tambarin halal. A sha tare da abinci don rage gyatsar ƙarni. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, da mai matsalar bugun zuciya, da wadda za a yi wa tiyata, su tambayi likita tukuna.

Biotin, wani nau'in bitamin B da ake yawan haɗawa da man kifi a talla, yana amfani ne ga wanda ke da ƙarancinsa, irin waɗannan kuwa ba su da yawa. Ƙari a kan haka, a 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa shan sa da yawa na iya karkatar da sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na zuciya. In kina sha, ki faɗa kafin a ɗebi jininki.

Maza masu sanƙo kuma, malam, naka gado ne da aikin sinadarin namiji, man kifi ba ya taɓa shi. Cikin abubuwan da aka tabbatar suna aiki akwai maganin minoxidil na shafawa, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1988, mai ƙarfin kashi 2 ko kashi 5 cikin ɗari. Sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin a ga canji, kuma in aka daina, gashin da ya fito zai koma. Mata ma ana rubuta musu shi idan tsakiyar kai ce ke raguwa, ban da mai ciki da mai shayarwa.