Yankees ko Mets: wacce za ka bi?

Sababbin masu kallon besbol a New York sun dame ni da tambaya kan manyan ƙungiyoyin besbol biyu na birnin: Yankees ko Mets?

Yankees na yankin Bronx sun ɗauki kofin World Series, wato babban kofin besbol na Amurka, sau 27, na ƙarshe a 2009. Amma fa jaridun birnin ba sa ɗaga musu ƙafa, da an doke su sau biyu a jere sai gari ya ɗauka. Tikitinsu ma ya fi tsada.

Mets na yankin Queens kuwa sau biyu kacal, 1969 da 1986. Magoya bayansu har ba'a suke yi wa kansu. Sai ga shi a ƙarshen 2024 sun ɗauke fitaccen ɗan wasa Juan Soto daga Yankees da kwantiragin dala miliyan 765.

Mai son tinƙaho da tarihi ya nufi Bronx. Mai iya haɗiye takaici, Queens ta fi dacewa da shi.