Ƙungiyar maza ko ta mata: wacce ta fi a Jami'ar Connecticut?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ce ta ɗaukaka sunan Jami'ar Connecticut da ke Amurka, wadda aka fi sani da UConn, ko kuwa ta mata. A ganina ta mata ce a gaba, kuma tazarar ba ƙarama ba ce, ko da yake mazan ma suna cikin manyan ƙungiyoyin jami'o'in ƙasar.

Zuwa 2025, mata sun ɗauki kofin ƙasa na gasar NCAA, wato gasar jami'o'in Amurka, sau 12, maza kuma sau 6. Mazan sun ci nasu a 1999, 2004, 2011, 2014, 2023 da 2024, a hannun masu horarwa uku: Jim Calhoun ya ci uku na farko, Kevin Ollie ya ci ɗaya, Dan Hurley ya ci biyu a jere. Matan kuwa mutum ɗaya ne ya ci musu duka, wato Geno Auriemma, wanda yake riƙe da ƙungiyar tun 1985 tare da mataimakiyarsa Chris Dailey. Sau biyu, a 2004 da 2014, ƙungiyoyin biyu suka ɗauki kofi a shekara guda, kuma babu wata jami'a a rukuni na ɗaya, wato matakin ƙoli na gasar, da ta taɓa yin haka.

Abin da ya fi yawan kofuna jan hankalina shi ne yadda kowace ƙungiya take cin nata. Matan sun kammala kakar wasa shida ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba, sun ci kofi huɗu a jere daga 2013 zuwa 2016 a zamanin tauraruwarsu Breanna Stewart, kuma sun yi nasara a wasanni 111 a jere kafin Mississippi State ta tsayar da su a wasan kusa da na ƙarshe a 2017. Mazan ba su da irin wannan ɗorewa. Sukan yi tashe, su yi sanyi, su sake tasowa. A 2011 sun ƙare a matsayi na tara a Big East, rukunin jami'o'in da suke fafatawa a ciki, sai ɗan wasansu Kemba Walker ya ja su suka ci wasa biyar cikin kwana biyar a gasar cin kofin rukunin, daga nan suka wuce har kofin ƙasa. Sai a zamanin Hurley suka yi irin rinjayen matan, inda suka ci duk wasanni 12 na gasar NCAA ta 2023 da 2024 da ratar maki goma ko fiye.

Babban dalilin wannan bambanci yana cikin dokar shiga wasan ƙwararru. Namiji yana iya tafiya NBA, gasar ƙwararru ta maza, yana da shekara 19, bayan shekara ɗaya kacal a jami'a, saboda haka kocin maza kullum cikin sake gina ƙungiya yake. Mace 'yar jami'a ba ta shiga WNBA, gasar ƙwararru ta mata, sai ta kai shekara 22 ko ta kammala karatu, don haka tauraruwa irin Diana Taurasi ko Maya Moore takan yi shekara huɗu cur tare da koci ɗaya da tsari ɗaya. Wasu suna cewa matan ba su da abokan hamayya masu ƙarfi. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, domin ƙungiyar Jami'ar Tennessee ta koci Pat Summitt ta daɗe tana ba su wuya, kuma bayan 2016 sai da suka jira har 2025 kafin Paige Bueckers da abokan wasanta su doke South Carolina da ci 82 da 59.

A filin wasa bambancin kaɗan ne. Maza suna yin zagaye biyu na minti 20, mata kuma zagaye huɗu na minti 10, kuma ƙwallon mata ta ɗan fi ƙanƙanta. Dukansu suna wasannin gida a zauren Gampel da ke garin Storrs da kuma babban zauren birnin Hartford.

Idan kana neman inda za ka ga 'yan Afirka, ɓangaren maza ya fi. Emeka Okafor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ne gwarzon gasar 2004, sannan Adama Sanogo na Mali ya zama gwarzon ta 2023 alhali yana azumin Ramadan a lokacin wasannin ƙarshe. Amma idan salon wasa kake son koyo, musamman miƙa ƙwallo da motsin 'yan wasa biyar tare, ina ba ka shawara ka nemi wasannin matan na 2002 da na 2016.