Inshorar tad fati ta biya, amma sai da na ji jiki

Ni dai duk shekara in zan sabunta takardun mota ina biyan inshorar nan ta tad fati (wadda ke biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani) ne kawai don kar a tare ni a hanya, tunda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin daga 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023 ma haushin abun nake ji. Ban taɓa sa ran za su ba wani ko sisi ba wallahi.

To ƙanina ya ɗauki motar zai kai yara islamiyya, wajen shataletalen Dangi a Kano wani mai Corolla ya taka birki farat ɗaya saboda ɗan sahu, shi kuma ya daka masa ta baya. But ya lotse, bamba ta sauko, danja ɗaya ta tarwatse. Da fanal bita da mai fenti suka yanka 420,000, ni kuma abin da ke asusuna kuɗin makarantar yara ne na zango na biyu, gabana ya faɗi sosai. Maƙwabcina ne ya ce in sa lambar motar a shafin NIID, inda ake duba sahihancin inshorar mota, sai ga ta ta fito, ashe tawa ta gaske ce ba irin wadda 'yan cuwa-cuwa ke bugawa ba, kuma wai tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har miliyan 3. Kuma sun biya fa! Ranar da mai Corolla ya kira ya ce Alhaji na ga alat, har sujjada na yi.

Amma kar in yabe su da yawa. Kawo hotuna, kawo rahoton 'yan sanda, kawo lasisin direba, kawo kiyasin gareji, ka kai sai a ce wanda zai sa hannu baya nan, layinsu kuwa ya yi ta ringin ba mai ɗauka, ga mai Corolla yana kirana har bayan isha'i kamar ni na riƙe kuɗin. Injiniyansu ya zo ya zabge kiyasin wai bambar gyara za a yi ba canji ba, cikon daga aljihuna ya fita don kunya ba za ta bar ni in ja da bawan Allah ba. Tawa motar kuwa da lagireto ya fashe ko kallonta ba su yi ba, tad fati ba ruwanta da mai ita, wannan kuwa ajan ɗin da ke yi min inshorar bai taɓa faɗa min ba.

Zan sabunta dai, amma ba a hannun ajan ɗin nan ba.