Kimiyya ko adabi: abin dubawa kafin ka yi rajista a jami'ar Yamai

Wanda ya ci bak A, wato jarrabawar ƙarshen sakandare ta ɓangaren adabi, hanyarsa ta riga ta karkata ga adabi ko shari'a. Mai C ko D, na ɓangaren kimiyya, shi ne ke da zaɓi, kuma shi dangi suka fi matsa wa da "je ka yi likita". Kafin ka kai takardunka Jami'ar Abdou Moumouni a Harobanda, ka duba irin karatun da kowane ɓangare yake nema daga gare ka. Tsarin dai ɗaya ne, LMD (lisans, master, doktora): lisans, wato digiri na farko, shekara 3, zango 6, maki bisa 20. Yadda ake kaiwa ga maki 10 na cin jarrabawa ne ya bambanta.

A tsangayar kimiyya da fasaha, wato FAST, ba a tara karatu. Darasin yau a kan na jiya yake zaune, wanda lissafin makon farko ya wuce shi zai yi ta jin malami kamar ana yare. Bayan darasi akwai TD, inda ake warware tambayoyi, da TP a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ake rubuta wa rahoto, fashinsa kuma na cin maki. Shi ya sa za ka ga ɗaliban can uku-uku, huɗu-huɗu gaban allo da dare, alli a hannu, suna maimaita tsofaffin jarrabawa. Tanadi kalkuleta ta ƙwarai, da farar riga, da kuɗin zuwa kullum idan ba ka samu ɗaki a jami'a ba.

A tsangayar adabi, FLSH, inda ake tarihi, labarin ƙasa, falsafa, ilimin zamantakewa da kimiyyar harshe, lokacinka ya fi zama a hannunka. A ganina nan ne hatsarin. Ba mai bin ka kullum, sai ɗalibi ya shantake a fada da shayi, jarrabawa ta matso ya hau haddar kwafin wani. Hadda kuwa ba ta rubuta maka muƙala mai hujja. Masu yin fice su ne masu karanta abin da malami ya ambata kawai ya wuce, suna taƙaitawa da hannunsu, kuma Faransancinsu a rubuce ya zauna. Kuɗinka a nan fotokofi da datar waya za su ci, don littattafai da tsada, yawanci a WhatsApp ake raba su. (Mai son tarihi kada ya manta da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar.)

Idan dole ka haɗa karatu da neman na abinci, adabi ya fi ba da sarari. Idan kuma sai an tsare ka kake aiki, matsin FAST alheri ne gare ka. Nemi ɗan shekara ta biyu a kowane ɓangare ya nuna maka jadawalinsa na mako da tambayoyin jarrabawar bara, ka zauna ka gwada amsa ɗaya-ɗaya.