Aikin kula da namun daji na 'yan watanni: gandun gwamnati ko filin mai gona?

Wani ƙaninmu da ke Samaru ya yi tambaya a zauren nan. Ya gama difloma a fannin gandun daji, yana son aikin wucin gadi na kula da mazaunin namun daji kafin Allah ya kawo na dindindin. Hanya biyu ce a gabansa: ya nemi shiga gandun dajin gwamnati, ko ya karɓi tayin wani alhaji mai babban fili a bayan Shika. Wanne ya fi?

Ƙanina, da farko ka sani ko'ina ka je, yanayi ne ke raba aiki. Ruwa kan ɗauke mana a Oktoba, lokacin gamba ta fi mutum tsawo. Daga nan zuwa Disamba ake share layukan tare wuta, a kuma yi ƙunar farko. Ana ƙona ciyawa ne tun tana da sauran danshi, da sassafe ko da yamma idan iska ta kwanta, don wutar ta bi ƙasa a hankali, ta tsallake wasu wuraren, ta bar 'ya'yan doka da kaɗanya da ransu. Bayan 'yan kwanaki sai sabon toho ya fito, gwanki da kanki su samu kiwo. In aka yi sakaci har Fabrairu ko Maris, ciyawa ta bushe ƙayau ga iska, wutar da za ta tashi ba mai iya tare ta. Za ka tsaya a bakin layi da ɗanyen reshe a hannu kana bugun tartsatsin da ya tsallako, shirwa na shawagi a kan hayaƙi tana cafke farar da wuta ta koro. Wannan aikin ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Inda suka rabu shi ne dalilin da ya sa ake yin sa.

A gandun gwamnati, don dabbar ake yin komai. Akwai Kamuku a Birnin Gwari, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,120, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Yankari ta jihar Bauchi ta ninka shi, murabba'in kilomita 2,244 ce, kuma tun 2006 ta koma hannun gwamnatin jiha. A fili irin wannan ƙafa ce ke aiki: gyaran hanyoyin da damina ta zaizaye, bin sawu, kwance tarkon waya da mafarauta suka ɗana, sa alamar iyaka. Da bazara, idan ƙananan tafkuna suka ƙafe, dabbobin Yankari kan taru a bakin kogin Gaji, lokacin ne ƙidaya ta fi armashi. A nan za ka koyi riƙe na'urar GPS, da bambance kashin gwanki da na ɓauna, da rubuta rahoton da wani zai iya aiki da shi. Sintiri da bindiga kuwa na jami'an da aka horar ne, ba a ba ɗan wucin gadi.

Shigar ce ke da wuya. Aikin leburanci, kamar sharar layi da gyaran hanya, mutanen ƙauyukan da ke kewaye ake fara ba wa, kuma daidai ne, su ne suka san dajin, su ne kuma birai da giwaye ke yi wa ɓarna a gona. Ƙofarka kai ita ce takardar makaranta, ko ƙungiyoyin da ke aiki tare da hukuma: WCS, wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka, ta fara taimakawa wajen kula da Yankari a 2014, gidauniyar ANI mai irin wannan aiki kuma tana gandun Gashaka Gumti na jihohin Taraba da Adamawa tun 2017. Kamuku dai, kowa a Zazzau ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa dajin Birnin Gwari. Kada ka doshi wurin sai hukuma ta kira ka a rubuce, kuma iyaye sun sa albarka.

Filin mai gona wani labari ne daban, kuma doka ce ta sa. A Afirka ta Kudu, dokar 1991 ta ba mai fili damar mallakar namun dajin da ya killace, shi ya sa kiwon su ya zama sana'a mai ɗaukar ma'aikata. Mu nan dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, farauta kuma tana ƙarƙashin dokar namun daji ta Arewa ta 1963 da waɗanda jihohi suka gada daga gare ta. Gadar da ke kwana a gonar alhaji ba ta kawo masa ko kwabo. Saboda haka abin da zai ɗauke ka ka yi shi ne renon dashe da bazara, dasa itatuwa a Yuli da Agusta, gyaran shinge, da tsare mangwaronsa daga gobara. Namun dajin da za ka gani su ne zabin daji, fakara, zomo, gafiya, sai tsuntsayen bakin ruwa in akwai dam.

Amma kada ka raina wannan, don a nan ne nake ganin yaro mai ilimi zai iya yin abin a zo a gani cikin damina ɗaya. Mutum ɗaya za ka shawo kansa, ba sai takarda ta je Abuja ta dawo ba. Ka ce masa a bar kurmin bakin rafi kada a nome shi, a bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, kada a yi feshi kusa da ruwa, a bar busasshen icce ko biyu a tsaye saboda tsuntsayen da ke sheƙa a kogo. In zai shuka itacen turare zalla, ka nuna masa cewa ƙarƙashinsa ba ya tara ciyawa, ba abin da zai ɓuya a ciki, a gauraya da itatuwanmu na gida. Yawancin ƙasar da ke tsakanin Zariya da Giwa da Maƙarfi gonaki ce, ba gandu ba, in ba a bar wa fakara wuri a gona ba, ba ta da wani wurin. Abin da ke ci mini rai kawai shi ne rashin tabbas. Na ga kurmin da aka yi shekaru ana tattali, mai fili ya rasu, magada suka kawo katafila suka baje shi a yini guda.

Batun kuɗi, mai gona ya fi saurin biya, ko jinga ko duk mako, kuma kana iya kwana a gida. Na gwamnati yakan yi jinkiri, wani lokacin ma horo kawai za ka samu da wurin kwana. Sai dai takardar shaidar da gandu zai ba ka tana da nauyi ranar da za a ɗauki ma'aikata, ta alhaji kuwa ba kowa zai duba ta ba. Ko'ina ne, a yi magana tun farko a kan abinci, da dogon takalmin roba, da wanda zai biya asibiti idan kububuwa ko kasa ta sari mutum. A rubuta, a sa hannu, ko da mai filin kawunka ne.

Tunda ka ce wannan fanni kake son ka rayu a kai, shawarata ka ba gandun gwamnati raninka, daga Nuwamba zuwa Afrilu, ka ba alhaji daminarka. Ba su cika cin karo ba: da marka hanyoyin gandu kan lalace, aikin ɗan wucin gadi ya ragu, daidai lokacin da mai gona ke neman mai dashe ruwa a jallo. Ka faɗa wa alhaji wannan tsarin tun yanzu don kada ya ga kamar ka guje shi, ka kuma kai takardar neman gurbi a gandu tun watan Satumba, kafin a tsara waɗanda za su yi ƙunar farko.